Wa Zai Sace Min Farar Maris?

Litinin, 31 ga Maris, da hantsi

Nas ta ce in riƙa rubutu kullum, wai yana motsa ƙwaƙwalwa. Na ce mata tawa ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba balle a motsa ta. Ta ba ni littafin nan da wani jan ƙwallon roba, wai in dinga matsawa. Ƙwallon yana wurin Kaftin, karen maƙwabciyata. Littafin kuwa ga shi.

Ni ce Filida Januarie, shekara saba'in da shida. Aji biyar na yi a makarantar mishan, don haka duk wanda ya tsinci littafin nan ya ga kuskure, ya gyara a zuciyarsa ya yi shiru.

Farar Maris ta fitar da kara goma sha ɗaya bana. Sha ɗaya! Kowa a titin nan yana da furen Maris, amma nasu ruwan hoda ne. Tawa ce kaɗai fara sol. Haka take ɓullowa daga busasshiyar ƙasa a ƙarshen rani, dogon wuya, ba ganye ko ɗaya a jikinta, kamar 'yan matan birni a bakin teku. Ganyen sai ruwa ya sauka. Na ƙirga karan sau biyu da ƙarfi, don a ji ta bayan shinge.

Hannu lafiya lau.

Laraba, 2 ga Afrilu, bayan abincin rana

Lucinda ta bugo waya. 'Yata ke nan, mai aikin ofis a Bellville, mai magana kamar tana karanta takarda. An sa rana: Asabar, goma ga Mayu. Ba ranar aure ba ce, kada wani ya fara ɗinki. A ranar za ta zo da mota ta kwashe ni, ni da kujerata, zuwa bene hawa na uku.

“Mami, likita ya ce ba za ki sake zama ke kaɗai ba.”

“Ni kaɗai? Zo ki ƙirga abin da ke tsakar gidan nan.”

“Mami, furanni ba sa kiran motar asibiti.”

Sai na ce mata madarata tana tafasa.

Wanda ya sayi gidan ma ya zo da igiyar awo. Mutum ne mai ladabi, har hula ya cire, yana ce min Ouma, wato Kaka. Motocin haya uku gare shi. Ya ce, “Ouma, daga ƙyaure zuwa baranda siminti zan zuba, motocin su sami wurin kwana.” Yana faɗa yana tsaye a daidai inda albasar furen firisiyata ke barci a ƙasa. Lambun shekara arba'in da huɗu, za a rufe shi don mota ta yi barci.

Alhamis, 3 ga Afrilu, da sassafe

Na tashi da dabara.

Kowace mace a garin nan ta san ƙa'ida biyu tun kafin ta iya girki. Ta farko, in an ba ki shuka ba kya cewa “na gode”. Kika faɗa, ta mutu. Ta biyu, reshen sata ya fi na kyauta kamawa. Kada wani mai digiri ya tambaye ni dalili. Duk wardin da ke titin nan, da za a bi asalinsa, a aljihun wata ya tsallake shinge. Ita kanta Farar Maris, Allah ya yafe min, a cikin rigar aikina ta baro gidan gonar inabin da na yi wa wanki shekara tara.

To, ni ba zan bi gida-gida ina rabon lambuna kamar kayan mamaci ba. Sace min za su yi. Zan bar ƙyaure a buɗe, in jingina shebur inda ido zai gani, in zauna a baranda in yi barcin ƙarya.

Lahadi, 6 ga Afrilu, bayan coci

Na tsaya a bakin ƙofar coci na gaya wa Sista Magrieta, matar Fasto, yadda ko na kujerar baya zai ji: “Maganin nan da ake ba ni, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu ko ganga aka buga a kaina ba na ji. Ga ƙyauren ya ƙi rufuwa. Allah dai ya tsare min furannina.”

Ta ce, “Amin, Ouma.” Idonta ya yi wani haske da ban taɓa gani lokacin wa'azin mijinta ba.

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe huɗu da rabi

Ita ce ta farko! Biyu da kwata ta shigo da jakar Littafi Mai Tsarki, ta zaro almakashi daga ciki. Reshe huɗu ta yanka daga furen Kirsimeti, shuɗin nan na gefen famfo. Ina ta minshari. Na ji ta tana raɗa, “Ubangiji, kai ma ka gani, reshe ne kawai.” Sai da na ciji gefen mayafina.

Bayanta Oom Jafta, wato Kawu Jafta, tsohon mai raba wasiƙu, ya zo ya tumɓuke 'ya'yan kabar giwa guda uku. Ƙayar ta soke shi, ya yi wani zagi da ba zan rubuta a littafin nas ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, da yamma

Ɓarauniyar da nake jira ba ta zo ba.

Hendrina Kiewiet, wato Drina, shekara arba'in da ɗaya shinge ɗaya ne tsakaninmu. Rabin lambunta nawa ne. Nawa ma dai, in za a yi gaskiya, akwai nata a ciki. Sau biyu ta yi yunƙurin haƙe Farar Maris. Na farko na watsa mata ruwan wanke-wanke ta taga. Na biyu marigayi Adam, mijina, ya kama ta, ta ce masa kazarta take nema. Da shebur a hannu.

Amma tun ranar nan ta watan Fabrairu da ta leƙo ta shinge ta gan ni yashe a ƙasa a bakin famfo, ko ganye ba ta ƙara tsinka min ba. Miyar wake take kawowa. Ta ajiye ta ce, “Filida, ya jiki?” da irin muryar masu gaisuwar mutuwa. Matar da shekara arba'in ba ta kira ni da sunana ba sai “tsohuwar marowaciya”.

Yau na gwada ta.

“Drina, kin ga Farar Maris ta gama fure? Yanzu ne lokacin cire ta, kafin ruwa ya sauka ganye ya fito.”

“Na gani.”

“Sheburin ma na manta shi a gindinta.”

“Sha miyarki.”

“Ba gishiri.”

“Likita ya hana ki.”

“Da ma can girkinki haka yake.”

Ta gyara min matashi ta tafi. Ko ramawa ba ta yi ba. Abin ya tsaya min a wuya fiye da waken.

Asabar, 12 ga Afrilu, da yamma

Matsalar ɓarawo ita ce ba za ki iya zaunar da shi ki koya masa reno ba. Sai na koma yi wa Kaftin lacca. Yana kwance a ƙafata yana tauna ƙwallon nas, ni kuwa na ɗaga murya:

“Ka ji, Kaftin, albasar firisiya yanzu ake binne ta, a Afrilu, kai sama, zurfin yatsa biyu. A cikin kwandon waya, in ba haka ba ɓeran ƙasa ya cinye kafin ta ga rana. Ruwan damina da sanyinsa su za su tashe ta. Satumba ta yi fure, ƙamshi har bakin titi. In ganyen ya bushe a ƙyale ta, duk rani ba ta son ruwa ko ɗigo. Furen Kirsimeti kuwa inuwa yake so da ruwa kamar ɗan giya, kuma sai Yuli ake masa aski. Kabar giwa a manta da ita kawai, Yuni za ta kunna jan furenta tsuntsaye su zo.”

Sai na ji murya daga bayan bishiyar lemun tsami: “Yatsa biyu a tsaye ko a kwance, Ouma?”

Na ce, “A tsaye, Kaftin.”

Mata uku na ƙungiyar mawaƙan coci ne. Sun fita da guga cike, suna sanɗa, kowace ƙugunta ya fi ƙyauren faɗi.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da rana

Tamsin, jikata, ta karɓi wayar daga uwarta. Wai ɗakinta za mu raba.

“Ouma, akwai baranda fa, za ki iya shuka.”

“Faɗinta nawa?”

“Kamar teburin guga.”

“To sai mu shuka saurayin nan naki mai kunnuwa, ko ya ƙara tsawo.”

“Ouma! Wa ya gaya miki?”

“Yanzu kika gaya min.”

Ta yi ihu ta jefar da wayar. Zama da yarinyar nan ba zai rasa daɗi ba, wannan na yarda.

Talata, 15 ga Afrilu, da safe

Hannu lafiya lau. Kofin ne ke da santsi.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da yamma

Juma'ar Ista. Lucinda ta zo da kwalaye da kifi mai garin kori da tsami. Nata bai kai nawa ba, albasa ta yi yawa, amma na ci sau biyu. Da ta ga ramuka a lambu sai ta fara neman lambar 'yan sanda. Dole na fayyace mata komai, har da maganar Drina.

Ta ce, “Mami, wannan wahalar ta mece ce? Ki ba Anti Drina kawai mana.”

Kafin in haɗiye kifin bakina ta kai shinge. “Anti Drina! Mami ta ce ki ɗauki Farar Maris, kyauta ta ba ki!”

Drina ta fito da hular cocinta a kai. Ba Lucinda ta kalla ba, ni ta kalla ta tsakanin ganye. Ta buɗe baki a hankali ta ce:

“Na gode. Na gode ƙwarai. Ki ce wa mamanki na gode.”

Sau uku! Da gangan! A ranar da aka gicciye Yesu! Na ji kamar an taka min ɗanyen tsiro. Lucinda ta dawo tana murmushi, wai “Kin gani? An gama.” An gama kam. Yanzu ko a faranti na miƙa mata, ta riga ta kashe kyautar. Saura hanya ɗaya tak, kuma matar ta ƙi binta.

Na biya wa yarinyar nan makaranta har birni, aka cire mata duk abin da ke da amfani.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ba na magana da kowa a gidan nan, har da kifin.

Litinin, 21 ga Afrilu, da hantsi

Lucinda ta tafi da kwali shida. Ta naɗe farantan aurena a jarida ɗaya bayan ɗaya, ba ta fasa ko ɗaya ba. Da za ta shiga mota na hango wani abu yana leƙowa daga jakarta: reshen labandata mai ƙamshi, da 'yar saiwarsa. Ta tura shi ciki da sauri ta ce, “Mami, ki sha magani.”

Ashe dai ni na haife ta.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da yamma

Na ce bari in tsokano Drina. In na sace nata, dole ta rama.

Na ɗauki almakashi na bi ta ɓular shingen da mu biyu muka daɗe muna yi kamar ba mu san da ita ba. Wardinta mai ruwan ƙwai nake so. Amma yankan reshe aikin hannu biyu ne, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya yanka. Reshen ya yi ta gudu. Na bi shi, ƙaya ta kama min riga ta baya, ta kama mayafi, na tsaya a sunkuye kamar akuyar da aka ɗaure. Kaftin yana ta haushi don murna.

Drina ta fito. Ba ta yi dariya ba. Ta cire min ƙayar ɗaya-ɗaya, ta karɓi almakashin, ta yanka reshen da kanta ta cusa min a aljihu. Wulaƙancin da ya fi wannan ban taɓa gani ba.

Na ce, “Ke wace irin maƙwabciya ce? Shekara arba'in kina zagaya ta kamar kura, yanzu na buɗe miki ƙofa kin tsaya kina min miya!”

“In na haƙe ta, kin tafi ke nan.”

“Ko ba ki haƙa ba zan tafi.”

“To ki tafi. Amma ba da sheburina ba.”

Ta shiga ta rufe ƙofa. Ni na dawo ta titi, ta ƙyaure, kamar baƙuwa.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Ban fita ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ban fita ba. Miya a bakin ƙofa. Akwai ɗan gishiri.

Talata, 29 ga Afrilu, da yamma

Na ɗauki sanda na zaga titi, wai nas ta ce in riƙa tafiya. Dubiya na je yi. Furen Kirsimetina yana cikin gwangwanin fenti a bayan gidan Fasto, an ɓoye shi bayan tanki. Kabar giwata tana tsaye a ƙofar Oom Jafta kamar can aka haife ta. Ya gan ni ya ce, “Ouma, ƙanwata ce ta aiko min daga Worcester.” Na ce, “Allah sarki, ka gaishe ta, tana da hannun shuka.” Gida tara na ƙirga. Kowa ya gan ni sai ya tsaya a gaban abin da ya sata ya baje riga yana tambayar lafiyata. Rabon da in yi dariya haka tun bikin da alade ya shiga coci.

Na dawo gida, lambu duk ramuka. Ba abin da ya rage sai busassun karan Farar Maris a tsakiya, kamar haƙori ɗayan da ya rage a bakin Oom Jafta. Kowa ya san ta wace ce. Ba wanda ya taɓa.

Juma'a, 2 ga Mayu, da safe

Gajimare ya zauna a kan dutse. Iska ta juya, daga arewa take zuwa. Tururuwa na kwashe ƙwai, gwiwata ma ta ce haka ne. Ruwa bai fi kwana biyar ba.

Litinin, 5 ga Mayu, da rana

An juye yashi a bakin ƙyaure, da buhunan siminti an rufe da leda. Wanda ya sayi gidan ya cire hula ya ba ni haƙuri, wai motar ce ta zo da wuri. Na ba shi shayi. Ba laifinsa ba ne.

Labulen Drina ya motsa sau biyu.

Laraba, 7 ga Mayu, da yamma

Bari in rubuta wannan a hankali, don in Tamsin ta sace littafin nan ta san irin kakar da take da ita.

Da safe na ce tunda ba mai yi, ni zan haƙe ta, in ajiye a bakin titi, wanda Allah ya ba ya ɗauka. Na ɗauki shebur. Na kafa, na taka, ya shiga. Ɗagowa ce ta gagara. Hannun hagun nan ba lafiya lau yake ba. Tun Fabrairu ba ya jin maganata. Ga shi na rubuta, nas sai ta yi murna.

Na sake kafawa kusa da gindin, na danna da ciki. Sheburin ya zame, na zauna daɓas a cikin ramin firisiya. Ina zaune ina tunanin yadda zan tashi, sai na ji daga shinge:

“Ke! Mahaukaciya! Nan ake kafa shebur? Za ki tsaga ta biyu!”

“Tawa ce, in na so in yi miya da ita.”

“Taki ɗaya za ki ja baya, sannan ki zagaya! Shekara arba'in da huɗu ba ki iya haƙa ba?”

“Zo ki koya min mana, tunda ke kika yi digiri a lambun mutane.”

Na ji ganye na kakkaryewa. Sai ga Drina ta ɓular shinge, gindi ya fara shigowa, tana jan baro, da nata sheburin a ciki. Ta ɗaga ni kamar buhu, ta kife guga ta zaunar da ni a kai.

“Juya bayanki.”

“Don me?”

“Ta yaya zan yi sata mai kaya na kallona? Juya, ki kalli dutse.”

Na juya. Dutsen ya rufe kansa da gajimare, zabbi na kiwo a filin coci. A bayana ina jin shebur na shiga, ƙasa na zuba, Drina na nishi tana zagin saiwa.

“Kai, Filida, nan ba albasa ba ce, kawunan jarirai ne. Tara, goma... sha huɗu!”

“Ban ji ba, barci nake.”

“Kin san halinta dai. In aka taɓa ta sai ta yi fushi. Shekara uku ba fure.”

“Na sani.”

Sheburin ya tsaya. Ita saba'in da takwas, ni saba'in da shida, kowa ya yi lissafinsa a ransa.

Can ta ja hanci ta ce, “To Maris na shekara ta uku ki sa 'yar taki mai takarda ta kawo ki. Ki zo ki tsaya a shinge ki ce na binne ta da zurfi.”

“Ai za ki binne ta da zurfin. Wuyanta a waje ake bari.”

“Da wa kike magana? Ba barci kike ba?”

Baron ya fara ƙara, ƙiiƙi, ƙiiƙi, ya nufi ƙyaure, don ba zai bi ta ɓula da kaya ba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

“Drina, na...”

“Kul! Ki ƙarasa, in juye miki ita a nan in tafi!”

Na haɗiye. Na jira sai da na ji ta shiga gidanta. Sannan na dafa sanda na miƙe, na cika ƙirji, na kwarma ihun da tun Fabrairu ban yi ba:

“Ɓarauniya! Jama'a ku fito, an yashe ni da rana tsaka! Hendrina Kiewiet, Allah na ganinki!”

Titi ya fito kaf. Sista Magrieta ta dafe ƙirji tana cewa duniya ta lalace. Oom Jafta yana girgiza kai, wai a zamaninsu ba a haka. Mawaƙan coci suna ta salati. Duk ɓarayina, kowa da fuskar waliyyi. Drina ta leƙo ta saman shinge, ƙasa har goshi, ta ce:

“Wa ya gan ni? Kina da shaida? Baya kika juya!”

Alhamis, 8 ga Mayu, da sassafe

Ruwa ya sauka tun asuba, mai sanyi, mai yawa. Ina hango ta daga taga, ta rufa buhu a kai, tana daddanna ƙasa da ƙafa a gindin gwaibarta.

Ta binne ta da zurfi. Bari in sa takalmi.